Allurar gina tsoka: An yi wa 'yan wasa doka, wa zai kula da yaron unguwa?

Rigachikun gari ne da kaki ya kewaye. Ga tsohuwar harabar NDA kafin ka iso Kawo, ga sabuwar a Afaka ta wajen Mando, idan ka miƙe titin Zariya ba ka yi nisa ba sai ga Jaji, can gaba kuma ga Defo inda ake horar da kuratan soja. Yaron da ya tashi yana ganin motocin sojoji suna wucewa safe da yamma, ba abin mamaki ba ne ya girma da burin sa kaki, ko aƙalla ya mallaki jiki irin na masu sa shi.

Shi ya sa za ka ga matasa suna sassarfa a gefen titi bayan Asuba, wasu kuma da La'asar suna cikin kango suna ɗaga ƙarfe. Kayan aikin nasu ma abin sha'awa ne: siminti da aka zuba a bokitin fenti aka soka masa bututu, ko tsohon ƙarfen mota da aka sayo wurin 'yan gwangwan. Ni dai ban ga abin zargi a nan ba. Matashin da ya zaɓi ya zubar da gumi a kan ya zauna majalisa yana zuƙar sholisho, ya cancanci a jinjina masa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tsoka ba ta da gaggawa. Mutum zai shekara yana ɗagawa kafin damtse ya fara cika hannun riga. Wayar da ke aljihunsa kuwa tana nuna masa wani da ya murɗe cikin wata biyu, a ƙarƙashin hoton ga lambar WhatsApp. Ba sai an buɗe shago a Rigachikun ko Barakallahu ba. A tura kuɗi ta waya, a sako kaya a mota, a karɓa a tashar Kawo. Dianabol, Sustanon, Deca-Durabolin, Winstrol: duk sunaye ne na dangin magani guda, wanda likitoci ke kira sitiroyid mai gina tsoka.

A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni. Doka ce mai kyau, ta kuma zo a makare. Sai dai an yi ta ne domin 'yan ɗaruruwan da ke wakiltar Najeriya a gasa. Mafi yawan masu shan waɗannan magunguna a duniya ba su taɓa shiga wata gasa ba, kuma babu wanda zai taɓa neman fitsarinsu don gwaji. Su ne damuwata.

Ba sha-ka-fashe ba ne

Kafin mu yi nisa, akwai ruɗanin da ya kamata a warware, domin kalmar sitiroyid ta haɗa dangi biyu da ba aikinsu ɗaya ba.

Na farko shi ne wanda aka fi sani a gidajenmu, su deksametason da 'yan uwansa, waɗanda aka laƙaba wa sha-ka-fashe. Asalinsu maganin kumburi ne da asma da wasu cututtukan fata da na gaɓɓai. Wasu 'yan mata kan sha su gab da biki don su ciko, wasu masu kiwo kan ɗura wa raguna gab da Babbar Sallah. Wannan dangin ba ya gina tsoka ko kaɗan, cinye ta ma yake yi. Abin da ake gani a kumatu da ciki ruwa ne da kitse, ganin kitse kawai ake yi wa rogo. A bayansa akwai ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da karyewar garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kuma, tsayar da shi rana ɗaya na iya kai ta asibiti ranga-ranga, dole sai likita ya riƙa rage mata a hankali.

Na biyu shi ne wanda nake magana a kai. Kwaikwayon testosteron ne, sinadarin da marainan namiji ke samarwa, wanda ke sa murya ta buɗe, gemu ya fito, ƙirji ya faɗaɗa. Shi kam yana gina tsoka da gaske. Duk wanda ya ce wa matashi ba ya aiki, ya yi masa ƙarya, kuma daga ranar ba zai sake sauraron sa ba. Yana aiki. Tambayar ita ce me mutum yake biya.

Daga zakaru zuwa Seoul

Makiyayi bai buƙaci ɗakin gwaji ba kafin ya san bambancin bunsuru da taure. Tun kaka da kakanni an san cewa idan aka dandaƙe dabba, faɗa da barbara sun ƙare, sai cin abinci da tara kitse. Abin da ba a sani ba shi ne ta wace hanya. A 1849 wani malamin jami'a a Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye 'yan zakaru, ya mayar wa wasunsu da marainan a cikin ciki. Waɗanda aka mayar wa suka ci gaba da cara da faɗa, zankonsu ya girma. Daga nan aka gane cewa wani abu ne ke fita daga maraina yana bin jini.

Shekara 40 bayan haka, a 1889, wani tsohon likita mai shekara 72 a birnin Faris, Brown-Séquard, ya tsaya gaban takwarorinsa ya ce ya yi wa kansa allurar ruwan marainan karnuka da wasu ƙananan dabbobi, kuma ƙuruciya ta dawo masa. Nan da nan 'yan kasuwa suka cika Turai da Amurka da ruwan. Masu binciken da suka sake haɗa irinsa daga baya sun gano sinadarin da ke ciki bai kai ya yi komai ba. Wato tun ranar farko, tallar ta riga ilimin fitowa.

Ainihin sinadarin sai a 1935 aka same shi. Ayarin Ernst Laqueur a Amsterdam ya tace shi daga marainan bijimai ya raɗa masa suna, a shekarar kuma Adolf Butenandt ɗan Jamus da Leopold Ruzicka a Siwizalan suka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin gwaji. An ba su biyun kyautar Nobel a 1939. Manufar magani ce: namijin da jikinsa ba ya samar da sinadarin, yaron da balagarsa ta yi jinkiri ƙwarai, majinyacin da doguwar cuta ko ƙuna ta zaftare, da wasu nau'o'in ƙarancin jini. Har gobe likitoci na rubuta shi saboda irin waɗannan dalilai, da awo, da gwajin jini a kai a kai.

Wasanni ne suka karkatar da shi. A gasar ɗaga nauyi ta duniya a Vienna a 1954, likitan ayarin Amurka, John Ziegler, ya ji daga bakin takwaransa na Tarayyar Sobiyet cewa testosteron suke ba 'yan wasansu. A 1958 kamfanin Ciba ya fito da Dianabol, Ziegler ya fara raba wa nasa yaran. Da ya ga suna ninka abin da ya rubuta musu, suna lalata jikinsu, sai ya janye yana nadama. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Mafi munin labarin na Jamus ta Gabas ne. Daga 1974 gwamnati da kanta ta tsara shirin ba 'yan wasa wata shuɗiyar ƙwaya mai suna Oral-Turinabol. An kiyasta mutum kusan 10,000 abin ya shafa, da yawansu yara mata da aka ce musu bitamin ne. A gasar Olamfik ta Montreal a 1976 'yan matan ƙasar suka kwashe zinare 11 cikin 13 na ninƙaya, da muryoyi irin na ƙarti. Bayan rushewar ƙasar ne aka ga sauran lissafin: ciwon hanta, ciwon zuciya, ɓarin ciki, jikin da ya tashi daga kamanninsa. A 2000 wata kotu a Berlin ta samu shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitan shirin, Manfred Höppner, da laifi. Ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka aka yi musu, ko kwana ɗaya ba su yi a kurkuku ba.

Sai Satumbar 1988 a Seoul, inda Ben Johnson na Kanada ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9.79. Kwana uku tsakani aka karɓe zinaren aka ba Carl Lewis, bayan an ga sinadarin da ke cikin Winstrol a fitsarinsa. Waɗanda muka tashi muna kallon kokawar Turawa a bidiyo ma muna da namu kason: a 1994 Hulk Hogan, wanda ke ce wa yara su yi atisaye su sha bitamin, ya amsa a gaban kotu cewa ya yi shekaru yana amfani da sitiroyid. Na zamanin TikTok kuma suna da Brian Johnson, wanda ake kira Liver King, da ya tara miliyoyin mabiya yana cewa ɗanyar hanta ce sirrin jikinsa, har aka bankaɗo a 2022 cewa yana kashe kusan Dala 11,000 duk wata a kan allurai, ya fito ya amsa.

Abin da mai talla ba ya faɗa

A nan nake so a tsaya, domin akwai illa guda da ta fi kowace shafar irin rayuwarmu, kuma ita ce aka fi ɓoyewa.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da ke lura da yawan testosteron a jini. Idan ya ragu, sai ya aika wa maraina saƙo su ƙara. Idan aka kwararo shi daga waje ta allura, sai ƙullutun ya ga kaya sun yi yawa ya daina aika saƙon. Kamar manomi ne da ake sauke masa buhunan hatsi a ƙofar gida duk wata, sannu a hankali zai daina zuwa gona, gonar ta koma saura. Maraina su daina aiki, su motse. Kuma saƙon da ya tsaya ɗin nan shi ne dai ke sa a ƙera ƙwayoyin haihuwa.

Wannan ba hasashe ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin hana haihuwa na maza. A binciken da aka wallafa a 1990, an yi wa maza 271 masu lafiya allurar miligiram 200 duk mako. Cikin wata shida, kusan biyu cikin uku babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsu. Masu gina jiki kuwa sukan ninka wannan adadin, su kuma haɗa kala biyu ko uku a lokaci guda.

A sake karantawa: abin da ake sayar wa saurayi da sunan ƙarin mazakuta, shi ne aka gwada don hana maza haihuwa.

Yanzu a kawo wannan cikin gidan Bahaushe. An yi aure, shekara ta zagayo, ta biyu ta shiga, shiru. Wa ake kallo? Ango ga shi nan ƙirji kamar ƙofar gari, wa zai ce matsalar daga gare shi take? Amarya ce za ta sha jiƙe-jiƙe, ita za a kai wurin mai magani, ita za a ɗora a kan gwaje-gwaje masu tsada da ciwo, ita dangin miji za su fara yi wa habaici da juya. Wataƙila a yi mata kishiya, ita ma ta shigo ta tarar da shirun. Duk wannan a kan wata kwalba da mijin ya ɓoye a jakar atisaye, wadda shi kansa bai san tana da alaƙa da zancen ba. Yawancin maza sukan farfaɗo bayan sun daina, amma abin kan ɗauki watanni, wani ya haura shekara, wanda ya daɗe yana yi kuma ba lallai ya koma daidai ba.

Akwai ƙari. Jiki kan juya rarar testosteron ta koma sinadarin mata, sai nono ya fara tsiro wa namiji. Idan ya kafu, ɗaga ƙarfe ba ya baje shi, sai tiyata. Lokacin da mutum ya tsayar da allurar kuma, nasa ya mutu, na waje ya yanke, sai ya faɗa wani rami: kasala, mutuwar sha'awa, rashin ƙarfin gaba, baƙin ciki marar dalili wanda kan kai wasu ga tunanin kashe kansu. Tsokar ma ta fara zagwanyewa a gaban madubi. Mafita mafi kusa ita ce a koma wa allurar. Ta haka ake kamuwa. Masana sun kiyasta kusan uku cikin goma na masu amfani da shi kan kai matsayin da ba sa iya bari.

Zuciya ita ma tsoka ce, kuma ba ta san cewa damtse kaɗai ake nufi ba. Bangonta kan yi kauri ya ƙage, kitse mai amfani a jini ya faɗi, marar amfani ya hau, jinin ya yi kauri, hawan jini ya shigo. A Denmak, inda ake bin wuraren motsa jiki ana gwada mutane, an bi diddigin maza 545 da aka kama da sitiroyid, aka kwatanta su da sa'o'insu. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna mace-mace a cikinsu ya ninka na sauran sau uku. Wannan a ƙasar da motar asibiti ke zuwa cikin mintuna ke nan. A auna da wanda zai faɗi a kango a Rigachikun, a nemi Keke Napep, a kutsa cunkoson Kawo kafin a kai Barau Dikko.

Masu tsoron allura kan ce su ƙwaya za su sha, sun tsira. An gudu gara an faɗa gidan zago. Ƙwayoyin irin su Dianabol an sarrafa su ne yadda hanta ba za ta iya narkar da su da wuri ba, don haka ita ke shan wahalar: shawara, idanu su yi ɗorawa, wani lokaci ƙari ya fito. Mu kuma hantarmu ba a huce take ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, akasarinsu ba su sani ba. Masu allurar kuma, idan abokai uku suka yi karo-karo suka sayi kwalba ɗaya, sirinji ɗaya na iya zagaya su, ya raba musu ciwon hantar ko ƙanjamau.

Ga mai burin kaki akwai wani abin na musamman. Yaron da bai gama tsawo ba, idan ya sha sitiroyid, bakin ƙasusuwansa kan rufe da wuri, tsawon ya tsaya inda yake har abada. Rundunar sojan ƙasa kuwa ba ta ɗaukar namijin da bai kai mita 1.68 ba. Ɗan shekara 16 da ya sha don ya burge masu tantancewa, yana iya hana kansa 'yan santimitocin da za su shigar da shi layi. A wurin tantancewar ma gudu ake sa mutum, a auna jininsa, a duba lafiyarsa. Babu mai sa tef ya auna damtse. Sannan tsoka kan riga jijiya ƙarfi, shi ya sa ake samun tsinkewar jijiyar ƙirji ko ta hannu ana tsakiyar ɗagawa.

Duk wannan fa idan abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta a jikinta. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwajen ƙasashe da dama a 2022 ya gano fiye da kashi ɗaya cikin uku na sitiroyid ɗin bayan fage jabu ne, wani kaso mai kama da haka kuma awonsa ba daidai ba ne. Wasu ma tun asali ba na mutane ba ne. Equipoise na dawaki ne. Wanda 'yan jim ke kira Tren, don ƙosar da shanu ake yin sa.

Doka tana nan, mai ita ne babu

A Amurka, abin kunyar Seoul ya sa majalisa ta yi doka a 1990 da ta jefa sitiroyid cikin jerin magungunan da riƙe su ba takardar likita laifi ne. Birtaniya ta bi wata hanyar: ba a kama mutum don an same shi da na amfanin kansa, amma mai sayarwa na iya shan ɗaurin shekara 14. A 1999 aka kafa WADA, hukumar da ke sa ido kan 'yan wasan duniya.

Ta wannan ƙofar ce kaɗai Najeriya ta san zancen. A gasar Commonwealth ta Delhi a 2010 an karɓe azurfar Folashade Abugan saboda wani sinadari dangin testosteron. A ta Birmingham a 2022 mun yi murnar zinaren gudun ba-ni-in-ba-ka na mata, daga baya aka ƙwace shi saboda abin da aka samu a jikin Grace Nwokocha, wasu sabbin sinadarai masu aiki irin na sitiroyid. Blessing Okagbare, wadda nata ya shafi wasu magungunan daban, haramcin shekara 11 ta samu. A Tokyo an hana 'yan wasanmu 10 fita fili, ba don an kama su da komai ba, sai don hukumominmu ba su yi musu adadin gwajin da ake buƙata ba. A 2024 WADA ta kai ƙarar Najeriya kotun wasanni ta duniya. Kunyar idon duniya ce ta haifi dokar 2025.

To yaron kango fa? Sitiroyid ba ya cikin yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971 kan miyagun ƙwayoyi, waɗanda su ne ginshiƙin aikin NDLEA. Hankalin hukumar yana kan wiwi da tiramol da kodin da hodar ibilis, kuma ba za a ga laifinta ba: binciken ƙasa na 2018 ya ƙirga mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 10.6 a wiwi kaɗai. A wurin NAFDAC, magani ne da dole sai da rajista kafin a shigo da shi ko a sayar. A wurin hukumar kula da harhaɗa magunguna ta PCN, magani ne da sai da takardar likita, a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani. Mai kemis na unguwa ba shi da hurumin ajiye shi, balle ya tsira wa wani. Dokar jabun magunguna ta 1999 kuma ta hana sayar da magani a kasuwa, a tasha, a cikin mota ko a bakin titi.

Ke nan duk wanda ya sayar wa saurayi Sustanon ta WhatsApp ya aiko a mota, ya taka doka fiye da ɗaya. Matsalar ita ce kowace hukuma na ganin wani ɓangare ne kawai nata, ba wadda ta ɗauki abin a matsayin ɗanta. Tarar da ke cikin dokar 1999 ɗin ma, Naira 500,000, kuɗi ne a wancan lokacin. Yau ba ta sayi sabon babur ba.

Mun kuma san halinmu. Kodin ya yi shekaru yana cin matasan Arewa, malamai na wa'azi, iyaye na kuka, ba a motsa ba sai da BBC ta saki fim a kai a ƙarshen Afrilun 2018, washegari gwamnati ta hana. An iya aiki idan an ga dama. An tashi 'yan magani daga Sabon Gari a Kano zuwa Dangwauro a 2024, an rufe manyan kasuwannin magani na Onitsha da Aba da Idumota a 2025. Sai dai kasuwar sitiroyid ba ta da rumfar da za a garƙame. A Instagram da TikTok take, da lambar asusun banki a fili. Wanda ya iya bin sawun mai zagin gwamna a Facebook, ba zai ce wannan ta gagare shi ba.

Ba na goyon bayan a fara kamen masu sha. Mun ga abin da kame ya haifar a kan sauran ƙwayoyi: yaro ya shiga hannu, iyaye su sayar da akuya su karɓo shi, dila na nan yana harkarsa. A kan sitiroyid abin zai fi muni, domin mai shan sa ba ya layi, ba ya tangaɗi, shi a ganinsa ma ɗan kula da lafiya ne, ba ya shan taba, ba ya shan lemon kwalba. Ranar da aka mai da shi mai laifi, ranar zai daina gaya wa likita gaskiya. Tsarin Birtaniya ya fi kama hankali: a matse mai sayarwa, a buɗe wa mai sha ƙofar asibiti.

Jihar Kaduna na da hukumar da ke kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, KADSAMHSA, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Ba sai an kafa sabon ofis an sayi sabbin motoci ba. A sa sitiroyid da sha-ka-fashe cikin abin da ake faɗakarwa a kai, da Hausa, a kuma je inda matasan suke. Kowane wurin ɗaga ƙarfe yana da babba, wanda ake kira oga ko koci, wanda maganarsa ta fi ta likita da ta uba tasiri a kan yaran. Sau da yawa ta hannun irinsu kwalbar ke shigowa, ta hannunsu kuma za a iya tare ta. Mutum 30 irin waɗannan daga Kawo zuwa Maraban Jos, a zaunar da su wuni guda da likitan mafitsara ya nuna musu abin da ke faruwa da maraina, ya fi allon talla goma a bakin titi. Su ma rundunonin da matasan ke mafarkin shiga, layi ɗaya a cikin sanarwar ɗaukar kurata zai isa inda jami'in lafiya ba zai taɓa isa ba.

Likitocinmu da ma'aikatan jinya kuma su ƙara tambaya ɗaya. Saurayi ɗan shekara 24 da ya zo da hawan jini, ko shawara, ko ƙuraje sun cika masa baya, ko nono na masa ciwo, a tambaye shi abin da yake sha don atisaye, ba da tsawa ba. Ma'auratan da suka zo neman haihuwa, a fara da gwajin maniyyin mijin kafin a taɓa matar. Ya fi arha, ba ciwo, sakamakon kan fito a ranar ko washegari.

Wanda kuma ya riga ya fara, kada ya je wurin wanda ya sayar masa neman maganin wanke jiki, domin wata kwalbar zai sake sayar masa. Ya ɗauki kwalaben da fakitin yadda suke ya kai wa likita a Barau Dikko ko Shika, ya faɗi tsawon lokacin da ya yi da adadin da yake sha. Za a auna jininsa, a duba hanta da ƙoda da zuciya, a gwada shi ciwon hanta, a tsara masa yadda zai sauka. Idan yana da aure ko yana shirin yi, ya nemi gwajin maniyyi, ya kuma sa a ransa cewa jiki na ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙera sabbin ƙwayoyin haihuwa, don haka gwajin farko bayan dainawa ba shi ne na ƙarshe ba, za a ce ya dawo bayan wata uku a sake.